Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Ɗiban Gwamna a Yaƙin Duniya na Biyu da Abin da Ya Bar wa Siyasarmu



Gabatarwa

Kowace al'ummar da yaƙi ya ratsa takan fito da labari iri biyu. Akwai wanda ake bugawa cikin littattafan makaranta, a yi masa fareti kowace shekara. Akwai kuma wanda tsofaffi kan faɗa da daddare, murya ƙasa-ƙasa, in ma sun faɗa ke nan. A kan na biyun nake so in yi magana, watau abin da ya sami talakan Arewa tsakanin 1939 da 1945, da hannun da ya bi ta kansa ya same shi, da kuma sawun da abin ya bari cikin siyasarmu. Zan riƙa komawa ga gundumomin Birnin Kudu da Gwaram, domin a gunduma ne umurnin hukuma yake sauka ƙasa ya taɓa mutum. Amma da yake laifi tudu ne, mutum kan taka nasa ya hango na wani, bari mu fara da hango na wani tukuna. Idan idonmu ya saba, sai mu sunkuya mu dubi namu.

Madubi daga Norwe

Norwe ƙasa ce mai tsananin sanyi a arewacin Turai, wadda mutanenta a 1940 ba su wuce miliyan 3 ba. Ran 9 ga Afrilu na wannan shekara sojan Jamus suka afka mata. Sarkinsu, Haakon na Bakwai, ya ƙi yarda da gwamnatin da Jamusawa suka so ɗora masa, ya ƙaura Landan cikin watan Yuni tare da ministocinsa. Alƙalan kotun ƙoli suka ajiye aiki a Disamba 1940. A 1942 dubban malaman makaranta suka ƙi shiga ƙungiyar da aka kafa don cusa wa yara aƙidar Hitila, aka kama fiye da 1,000 daga cikinsu, aka tura ɗaruruwa aikin wahala a Kirkenes, can ƙuryar arewa. Duk wannan gaskiya ne, kuma shi ne labarin da Norwe ta riƙa ba 'ya'yanta bayan yaƙi. Mugun labarin kuwa sai aka tattara shi aka aza wa mutum guda, Vidkun Quisling, wanda jam'iyyarsa ba ta taɓa cin kujera ko ɗaya a majalisa ba, amma Jamusawa suka naɗa shi shugaban gwamnati a Fabrairu 1942. An harbe shi ran 24 ga Oktoba 1945, sunansa kuwa ya zama kalmar da ake kiran maci amanar ƙasa da ita a harsunan Turai.

To, amma Quisling hannu biyu gare shi kamar kowa. Yahudawan Norwe a lokacin kimanin 2,000 ne. A farkon 1942 aka buga wa katin shaidarsu harafi na musamman, aka sa suka cika takardun bayanin kansu a ofisoshin 'yan sanda. Ran 26 ga Oktoba aka kama maza. Ran 26 ga Nuwamba aka kwashe mata da yara da tsofaffi, aka zuba fiye da mutum 500 cikin jirgin ruwa mai suna Donau a Oslo, tafiyarsu ta ƙare a Auschwitz. Jimlar waɗanda aka fitar ta haura 770, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba. Masu buga ƙofofin 'yan sandan Norwe ne, motocin da suka kai mutane bakin ruwa motocin haya ne na Oslo, akawunan da suka rubuta dukiyar da aka ƙwace su ma 'yan ƙasa ne. Babban ɗan sandan da ya tsara kamun Oslo, Knut Rød, kotu ta wanke shi bayan yaƙi, ya koma bakin aikinsa har ya yi ritaya a 1965. Fushin jama'a kuwa sai ya sauka a kan marasa galihu: matan da suka yi hulɗa da sojan Jamus aka aske wa wasu kai, aka tsare dubbai, 'ya'yan da suka haifa, wajen 10,000 zuwa 12,000, suka tashi cikin tsangwama.

Sai a 1999 majalisar Norwe ta amince da biyan diyyar dukiyar Yahudawa. Sai ran 27 ga Janairu 2012, shekara 70 bayan abin, Firayim Minista Jens Stoltenberg ya nemi gafara bisa hannun da 'yan ƙasar suka sa cikin kamun. Matan nan kuwa sai a 2018 Firayim Minista Erna Solberg ta ba su haƙuri, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Wata shida kafin jawabin Stoltenberg, ran 22 ga Yuli 2011, wani mutum ya kashe rai 77 a Oslo da tsibirin Utøya, galibinsu matasan jam'iyyar Leba, saboda ƙiyayyar da yake wa Musulmi da baƙi da duk mai maraba da su. Da farko mutane da yawa sun ɗauka baƙo ne ya yi. Ashe ɗan gari ne, haifaffen Oslo.

Labarinmu na farko

Mu ma muna da labarin fareti, kuma ba ƙarya ba ne. Fiye da 'yan Nijeriya 100,000 suka sa kaki a wannan yaƙi, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1941. Rundunoni na 81 da 82 na Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943, sun yaƙi Japan cikin dazuzzukan Bama, suka ci Myohaung a Janairu 1945. Barikin Dalet a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Myohaung da Arakan a Ikko, duk daga can suka samo sunayensu. Filin jirgin sama na Kano ya zama zango a hanyar da dubban jiragen yaƙi suka bi daga Takoradi zuwa Maiduguri, da Hartum, har Alƙahira. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Janairu 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin edita, ta riƙa kawo wa jama'a labarin yaƙi, sarakuna da En'e-En'e kuma suka zuba kuɗi cikin asusun taimakon yaƙi. Waɗanda suka dawo muka kira su mazan jiya, sun kuwa cancanci sunan.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wane ne ya biya kuɗin wannan duka, kuma wa ya je ya karɓo.

Ɗiban gwamna

A Fabrairu 1942 Japan ta ci Singafo, bayan ta mamaye Malaya, inda Ingila take samun mafi yawan kuzarta. Gabas mai nisa kuma ita ce babbar hanyar man girki da na masana'antu. Dare ɗaya idon Landan ya juyo kan abu biyu na Arewacin Nijeriya, kuzar Jos da gyaɗar Kano.

Tun kafin yaƙi samari daga ƙasar Kano da Zariya da Bauci sukan tafi cin rani ramukan kuza don neman kuɗin haraji, su komo kafin shuka. Amma ladan da kamfanonin Turawa suke biya bai isa ya jawo yawan mutanen da ake bukata ba, su kuwa ba su so su ƙara. Sai gwamnati, a zamanin Gwamna Bourdillon, ta kafa dokar tilas. Ingila ta sa hannu tun 1931 a yarjejeniyar duniya ta hana aikin tilas, amma yarjejeniyar ta bar ƙofa ga lokacin yaƙi, ta nan kuwa aka bi. Daga 1942 zuwa Afrilu 1944 aka ɗebi kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa, irin su Zariya, Bauci, Binuwai, Katsina da Sakkwato, rukuni-rukuni, kowane rukuni ya yi wajen wata huɗu. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna.

Bill Freund, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi takardun gwamnati da na kamfanoni ya buga littafi a kan ma'aikatan kuza a 1981, kuma abin da ya tono ba shi da daɗin ji. An kai mutanen da suka saba da zafin ƙasar Hausa kan tudun da sanyinsa ke ratsa ƙashi, ba bargo isasshe, ba ɗaki na kirki, ba abinci mai ƙosarwa. Ciwon haƙarƙari da atini suka yi ta ɗauke su. Wurin gina madatsar ruwa ta Tenti a 1943 ya yi ƙaurin suna saboda yawan mace-mace. Dubbai suka gudu. Abin takaici kuma, ƙarin kuzar da aka samu bai taka kara ya karya ba, domin mai yunwa da aka kawo bisa tilas ba ya haƙa kamar wanda ya kawo kansa. Da surutu ya yi yawa a majalisar dokokin Ingila aka soke tsarin a 1944.

Waɗanda ba a ɗiba ba, su ma ba su tsira ba. Leburan kuza da soja sai sun ci, saboda haka aka yanka wa larduna yawan hatsin da za su kawo, bisa farashin da hukuma ta tsayar. Gyaɗa kuma aka matsa wa manomi ya ƙara noma ta, alhali hukumar da aka kafa a 1942 don sayen amfanin gonar Afirka ta Yamma ita ke yanke kuɗinta. Gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya. Wannan duka ya faɗo daidai shekarun da damina ta yi gardama, aka shiga yunwar 1942 zuwa 1943 wadda a wasu sassan ƙasar Hausa ake kira 'Yar Gusau. Michael Watts, wanda ya yi bincikensa a Kaita ta ƙasar Katsina ya buga shi a 1983, ya nuna cewa fari shi kaɗai bai isa ya kawo irin wannan yunwa ba, sai da haraji da kwasar hatsi suka riga suka share rumbu.

Hannun wa?

Yanzu mu dawo gida. A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na masarautar Kano, cikin Lardin Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Gwaram tana bakin iyaka da Lardin Bauci, ɗaya daga lardunan da ɗiban kuza ya taɓa. Birnin Kudu kuwa tana kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Barno, ga kuma wadda ta ratsa Ningi zuwa Bauci. Mai zaune a nan yana tsakanin bukatun yaƙin ne ta kowace fuska.

Turawan mulki a Lardin Kano duka 'yan ƙalilan ne, a kan jama'a miliyoyi. Manomin Gwaram yana iya shekara bai sa Di'o a ido ba. To, ta yaya umurnin Landan yake isa ƙofar gidansa? Gwamna ya aika wa Razdan adadi, Razdan ya kai wa Sarki, majalisar Sarki ta raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwa. Ko soja ake nema, ko hatsi, ko lebura, ko haraji, tsanin ɗaya ne. A kowane mataki akwai malami da alƙalami yana rubuta sunaye, akwai dogari ko ɗan doka da zai je ya zo da mai sunan. Bature adadi kaɗai ya sani. Wanda ya san gidan da ke da samari uku, da rumbun da ke da sauran dawa, ɗan gari ne.

Nan ne kuma zaluncin yake ninkuwa. Idan aka ce wa mai unguwa ya kawo mutum biyar, ba a gaya masa waɗanne biyar ba. Ɗansa ba zai shiga ba, haka ɗan mai kuɗin da ya kai gaisuwa. Saura baƙo, da maraya, da wanda bai gama biyan haraji ba, da wanda suka taɓa saɓani a kan gona. Ko ɗaukar soja, wadda a takarda aka ce ta sa-kai ce, sau da yawa ta wannan hanya ta bi.

Wajibi ne in yi adalci a nan. Ban ce sarakunanmu Quisling ne ba, kuma ban daidaita ramin kuza da Auschwitz ba. Ingila tana yaƙar Hitila ne, ba ta kuwa ɗebi mutane da nufin hallaka su ba, ko da yake ta yi sakaci da rayukansu sakacin da ba za ta yi da na Turawa ba. Hakimi ko dagacin da ya kasa cika adadinsa rawaninsa na iya faɗuwa, saboda haka shi ma a matse yake. Inda muka yi kama da Norwe wuri biyu ne. Na ɗaya, baƙo ya ba da umurni, ma'aikacin gida ya zartar. Na biyu, bayan an gama, kowa ya ga ya fi sauƙi a ce baƙon ne ya yi duka. Alhali kuwa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Daga ramin kuza zuwa akwatin ƙuri'a

Ba kowa ne ya yi shiru ba. A 1942 wani saurayi da ya gama Kwalejin Kaduna, Malam Aminu Kano, ya fara koyarwa a Midil ta Bauci, inda ya haɗu da Malam Sa'adu Zungur. Suna ganin yadda ake ɗibar mutane da abinci zuwa Jos, suka riƙa rubuta wa jaridu suna sukar aikin tilas. Cikin wannan yanayi aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauci a 1943, inda malamai da ma'aikatan En'e, har da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, suke muhawara a kan mulkin ƙasa. Waɗannan su ne takwarorin malaman Norwe da suka ƙi sa hannu. Su ma albashin hukuma suke ci, amma suka nuna cewa ma'aikaci yana da zaɓi.

Daga nan zaren bai tsinke ba. Cikin Agusta 1950 abu biyu suka faru: ran 8 ga wata aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, Tafawa Ɓalewa kuma ya gabatar da ƙudurinsa a majalisar Kaduna yana neman a gyara tsarin En'e. Mai ra'ayin sawaba da mai ra'ayin a bi a hankali sun yarda ciwon ɗaya ne, magani suka saɓa a kai. Talakan ƙauye da ya rungumi NEPU bai karanta littafin siyasa ba. Ya dai tuna wanda ya rubuta sunansa, da wanda ya auna masa hatsi. Tsanin nan da ya ɗebi lebura kuwa shi aka juya ya zama makamin zaɓe: a 1951 'yan NEPU sun ci matakin farko a birnin Kano, amma zaɓe mai hawa-hawa da wakilan da En'e take naɗawa suka tace su kafin a kai ƙarshe. Kotun alƙali da ɗan doka da gidan yari suka zama abin tsoron ɗan adawa, sai a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe su daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 kuma ya rufe babin En'e ɗin kanta.

A 1979 jam'iyyar PRP ta ci tsohuwar Jihar Kano, wadda ta haɗa da Jigawar yau. Alhaji Sule Lamido, mutumin Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, yana cikin waɗanda suka tafi Majalisar Wakilai a ƙarƙashinta. Gwamna Abubakar Rimi a Kano da Gwamna Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, watau suka sare matakin farko na tsanin. Amma tsohon miki bai warke ba. Ran 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarkin Kano, tarzoma ta tashi, aka ƙona ofisoshi, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Rikicin da ba a zauna an tantance asalinsa ba, a titi ake ƙarasa shi.

Yau Birnin Kudu da Gwaram ƙananan hukumomi ne cikin Jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro ran 27 ga Agusta 1991, a ƙarƙashin masarautar Dutse. Babu Razdan, babu ɗiban gwamna. Amma ku ma'aikata kun fi ni sanin cewa jerin sunaye bai mutu ba. Da ana rubuta wanda za a ɗauka, yanzu ana rubuta wanda za a ba: taki, iri, tallafi, gurbin aiki. Adadi yana saukowa daga sama, zaɓin suna yana hannun na ƙasa, kuma baƙo da maraya da wanda ba ya tare da mu har yanzu sun san inda sukan faɗa. Amsar da akan bayar ita ce dai wadda ɗan sandan Oslo da malamin hakimi suka dogara da ita, wai umurni ne daga sama.

Kammalawa

Kowace shekara ran 15 ga Janairu ƙasar nan tana tunawa da sojojinta, kuma daidai ne. Leburan da sanyin Tenti ya kashe ba shi da rana, ba shi da bariki mai sunansa. Daɗin daɗawa, daga 2009 aka cire darasin tarihi daga ƙananan makarantunmu, aka yi shekaru kafin a maido shi, har aka yaye ɗalibai masu yawa da ba su ji labarin farko ba, balle na biyu.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Ku ɗalibai, wanda aka ɗiba yana ɗan shekara 18 a 1942, in yana raye ya haura 100. 'Ya'yansu dai suna nan a Birnin Kudu da Gwaram da ƙauyukansu, sun ji daga bakin iyayensu, su ma kuwa sun tsufa. Ku je ku zauna da su, ku tambaye su shekarar yunwa, da wanda ya tafi Bama, da wanda ya tafi kuza bai dawo ba. Sa'an nan ku tafi gidan ajiye takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Gidan Mumbayya a Kano, ku gwada abin da baki ya faɗa da abin da alƙalami ya rubuta. Ba don a tona asirin zuriyar wani ba, domin jikan mai rubutawa da jikan wanda aka rubuta yau aji ɗaya suke zaune, wataƙila ma cikin ɗakin nan.

Ku kuma ma'aikata, duk ranar da aka miƙo muku adadi aka ce ku cika shi da sunaye, ku tuna cewa takardar za ta fi ku tsawon rai. Takardun 'yan sandan Oslo suna nan, jikoki suna karantawa. Norwe ta yi shekara 70 kafin ta furta cewa da hannun 'ya'yanta aka yi. Mu mun haura 80.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka tafi ba su dawo ba, ya ba mu ikon riƙon amanar da ke hannunmu.